Fashin baƙi: Idan likita ya ce za a zura maka kyamara a ciki

Da wuya ka shiga gida a Kano ba ka sami mai cewa yana da olsa ba. Uwargida tana da ita, maigida yana da ita, har yarinyar da ke shirin jarrabawa za ta ce maka ta daina cin yaji saboda olsarta. Amma in ka tambaya wa ya ga gyambon nan da idonsa, sai amsoshi su rarrabu. Wani mai kemis ne ya gaya masa. Wata sikanin aka yi mata, aka ce haka ne. Wani kuwa shi ya yanke wa kansa hukunci, don ƙirjinsa yakan yi zafi idan ya jima bai ci abinci ba. Kalmar olsa ta zama buhun da muke zuba kowane irin ciwon ciki, mu ɗaure bakinsa, mu ci gaba da shan magani shekara da shekaru.

Abin yana damuna, domin ciwon da ke tsakanin ƙirji da cibiya fuskoki da yawa gare shi. Akwai ruwan tsamin tumbi da ke tasowa ya ƙona maƙoshi, wanda muke kira ƙwannafi. Akwai kumburin fatar cikin tumbi da bai kai ga gyambo ba. Akwai gyambon na gaskiya, a tumbi ko a farkon ƙaramin hanji. Akwai tsakuwa a maɗaciya. Ciwon zuciya ma yakan ɓuya a nan, musamman ga dattawa da masu ciwon suga. Sai wanda ba a son ambata, ciwon daji na tumbi ko na maƙoshi, wanda a farkonsa yakan zo da kamannin olsa sak, har ma ya lafa na ɗan lokaci idan aka sha maganinta. Lafawar nan ita ce ke cinye wa mutum watannin da ya fi buƙata.

Sikanin da ake shafa mai a ciki a ɗora na'ura yana da amfani ƙwarai wajen duba hanta da maɗaciya da ƙoda da juna biyu. Fatar cikin tumbi ce ba ya gani da kyau, saboda iskar da ke cikin tumbi da hanji tana tare masa hanya. Don haka wanda aka ce an ga olsarsa a sikanin, ya sake tambaya. Hanyar da ta fi tabbas wajen ganin wannan wuri ita ce a shiga a duba. Wannan shi ne gwajin da likitoci ke kira endoskofi, mu kuma muke cewa zura kyamara.

Baffana ne ya sa na zauna na fahimci wannan gwaji. Ɗan kasuwa ne a Kantin Kwari, ya haura shekara 60, kuma tun ina yaro na san shi da kwalbar farin maganin olsa a shago. Gwiwoyinsa suka soma ciwo, sai ya ƙara da ƙwayoyin kashe zafi da yake saye da kansa, safe da yamma. Wata rana matarsa ta kira ni ta ce jiri yana ɗibarsa, idanunsa sun yi fari, kuma kwana 3 ke nan bahayarsa baƙa ƙirin kamar kwalta. Da likita ya auna jininsa ya ce sai an duba cikin, Baffa ya juyo ya dube ni ya ce, "Kai yaro, ni da raina za a zura min tiyo ta baki? To da me zan yi numfashi?" Na ce, "Baffa, ka yi haƙuri mu ji bayanin likita tukuna." Tambayarsa ita ce tambayar kusan kowa, shi ya sa zan fara da ita.

A wuyan ɗan Adam hanyoyi biyu ne. Ta gaba ta iska ce, tana zuwa huhu. Ta baya ta abinci ce, ita ce maƙoshi, tsawonta kimanin santimita 25, tana sauka zuwa tumbi. Tiyon kyamara hanyar abinci yake bi, inda loma ke bi kullum, ya bar hanyar iska a buɗe. Mutum yana numfashinsa ta hanci ko ta baki daga farko har ƙarshe, ga kuma ƴar na'ura maƙale a yatsansa tana nuna wa ma'aikata yawan iskar da ke cikin jininsa da bugun zuciyarsa.

Shi kansa tiyon baƙi ne mai laushi, kaurinsa kamar ƙaramin yatsa, tsawonsa ya ɗan wuce mita 1. A bakinsa akwai fitila da kyamara. Likita yana riƙe da ɗaya gefen, yana murza wasu ƴan kekuna da ke lanƙwasa bakin sama da ƙasa, dama da hagu, hoton kuma yana fitowa a allo kamar na talabijin. A cikin tiyon akwai ƴan ƙofofi da ake hura iska don tumbi ya buɗe, a fesa ruwa a wanke wuri, a zuƙe majina ko jini, ko a zura ƙaramin hantsaki. Iyakar tafiyarsa maƙoshi, tumbi, da farkon ƙaramin hanji. Abin da ke can ƙasa a babban hanji gwajinsa daban ne, ta dubura ake yin sa, kuma mutane sukan rikita su biyun.

Hoton da ke zukatan mutane na wani ƙarfe da ake cusawa yana da asali a tarihi. A 1868 wani likitan Jamus, Adolf Kussmaul, ya gwada leƙa tumbi da miƙaƙƙen bututun ƙarfe, kuma sai da ya nemo mai wasan haɗiye takobi kafin ya sami wanda zai iya jurewa. An yi kusan shekara 90 ana fama, har zuwa 1957 da Basil Hirschowitz, a Jami'ar Michigan ta Amurka, ya haɗa tiyo mai lanƙwasa da zaren gilashi da ke ɗaukar haske, ya fara haɗiye shi da kansa kafin ya sa wa marar lafiya. Na'urorin yau jikokin wannan ne. Ana yin gwajin a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da ke kan titin Zariya, da kuma wasu asibitoci masu zaman kansu a cikin gari.

Ba kowane mai ƙwannafi ne yake buƙatar kyamara ba, kuma ya kamata a faɗi wannan tun da wuri don kada a tsorata mutane su kashe kuɗin da babu gaira babu dalili. Saurayi ko budurwa da ke jin zafin ciki bayan cin yaji ko shan shayi mai kauri, ba ya rama, ba ya amai, jininsa lafiya, yawanci likita zai fara da gwajin bahaya ko na numfashi don neman ƙwayar cutar da ke haddasa gyambo, ya ba da magani, ya duba yadda jiki zai karɓa.

Akwai alamomin da idan suka bayyana, zance ya canza. Babbar cikinsu a wurina ita ce wahalar haɗiya. Mutum ya ga nama yana tsaya masa a ƙirji, sai ya koma tuwo da miya mai yauƙi, bayan wata biyu tuwon ma ya ƙi wucewa sai kunu. Mu kan ce ai tsufa ne, ko rashin haƙora. Hanyar abinci ce take tsukewa, kuma dole a san abin da ke tsuke ta. Sai aman jini, ja ne ko baƙi mai kama da ƙasan tukunyar gahawa. Sai baƙar bahaya mai danƙo da wari irin ta Baffa, wadda ke nuna jini ya zuba a sama ya narke kafin ya fito. Wanda ke shan ƙwayar ƙarin jini bahayarsa ma takan yi duhu, amma bai kamata ya yanke hukunci da kansa ba in yana jin jiri. Haka nan ramar da ba a san dalilinta ba, aman da ya ƙi tsayawa, ƙoshi da loma biyu-uku, ƙarancin jinin da ake ta ba da magani yana dawowa, da ciwon cikin da ya soma sabo ga mutumin da ya manyanta. Wanda mahaifinsa ko ɗan'uwansa ya yi ciwon dajin tumbi shi ma ya gaya wa likita. Mai ɗaya daga cikin waɗannan, kwalbar farin magani ba ta isar masa.

Abin da kyamarar ta fi cin karo da shi a ƙasarmu yana komawa ga abubuwa biyu. Na farko ƙwayar cuta ce mai suna Helikobakta, wadda a takardar asibiti za ka ga an rubuta H. pylori. Da can likitocin duniya sun ɗauka damuwa da yaji da yawan ruwan tsami ne ke kawo gyambo. A farkon shekarun 1980 wasu likitoci biyu a Ostareliya, Robin Warren da Barry Marshall, suka nuna cewa akwai ƙwayar cuta da ke zaune a tumbi. Da aka ƙi yarda da su, Marshall ya sha ruwan da ke ɗauke da ita a 1984, ya kamu da kumburin tumbi, aka leƙa aka gani. An ba su kyautar Nobel a 2005. Yawanci tun yarinta ake kamuwa da ita, a gidan da ke da cunkoso da ƙarancin ruwa mai tsabta. Akasarin masu ɗauke da ita ba ta yi musu komai, wasu tana ba su gyambo, kaɗan kuma takan kai su ga ciwon daji bayan shekaru masu yawa, shi ya sa tun 1994 hukumar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta cikin abubuwan da ke haddasa shi.

Albishirin shi ne ana kashe ta. Ana haɗa magungunan kashe ƙwayoyin cuta iri biyu ko fiye da maganin rage tsamin ciki, a sha kimanin kwana 14 ba fashi. Mutum ya yi shekara 10 yana renon gyambon da mako biyu zai iya rabuwa da shi, wannan abin takaici ne. Ga wani abu kuma da ake yawan kuskurewa. Gwajin jini da ake yi wa wannan cuta ba ya bambance wanda yake da ita yanzu da wanda ya taɓa yi ya warke, don alamar takan zauna a jini tsawon lokaci. Wanda ya gama magani ya koma ya yi gwajin jini ya ga har yanzu akwai, sai ya sake sayen wani zubin, alhali mai yiwuwa ta mutu tuni. Gwajin bahaya ko na numfashi ne ke tabbatarwa, kuma sai an bar aƙalla mako 4 bayan gama magani.

Abu na biyu shi ne ƙwayoyin kashe zafi: diclofenac, ibuprofen, piroxicam, asfirin. Tumbi yana da wata majina da ke lulluɓe shi don kada ruwan tsaminsa ya cinye shi, waɗannan magunguna kuwa suna raunana wannan kariya. Ka duba ɗan dako a Dawanau ko Singa, ko mai Adaidaita Sahu da ya wuni yana jijjiga, ko tsohuwa mai ciwon baya. Da yamma a tsaya a kemis a ce a ba ni haɗi na ciwon jiki, a ƙulle ƙwayoyi huɗu ko biyar a leda, sau da yawa biyu daga ciki aiki ɗaya suke yi, a kora da ruwa ba tare da an ci komai ba. Mafi hatsari, gyambon da irin wannan magani ke yi yakan zo ba ciwo, tunda maganin da ya yi shi yana danne zafin. Ba a ankara sai jini ya ɓalle.

Akwai kuma aman jinin da ba shi da alaƙa da olsa ko kaɗan. Idan hanta ta lalace ta ƙanƙance, jinin da ya kamata ya ratsa ta sai ya nemi wata hanya, ya cika jijiyoyin da ke ƙasan maƙoshi, su kumbura su yi sirara. Ranar da ɗaya ta fashe, jini kamar an buɗe famfo. Ciwon hanta nau'in B, wanda ya yi yawa a cikinmu, yana kan gaba wajen jawo haka. Tsargiya ma akwai irin da ke zama a hanji ta taɓa hanta, ban da ta fitsarin jini da muka fi sani, kuma a ruwan da ke kwance ake ɗaukar ta, irin na kududdufi da magudanan noman rani. A nan kyamarar ta wuce gwaji ta zama magani. Likita yana ɗaure jijiyoyin da ƴan zobban roba ta cikin tiyon, a maimaita bayan ƴan makonni har su bushe. Mai ciwon hantar da ta kai wannan mataki akan nemi ya yi gwajin tun bai fara amai ba, don a ɗaure ko a ba shi magani kafin ranar ta zo. Gyambo mai zubar da jini shi ma ana yi masa allura ko a ɗame shi da ɗan maƙali ko a ƙona bakin jijiyar, ba tare da an tsaga ciki ba.

Iyaye mata su riƙe wannan. Yaro ya haɗiye ƙaramin batir mai kama da maɓalli, irin na agogo ko na kayan wasa, a garzaya da shi asibiti a lokacin, ko da yana wasansa, domin in ya maƙale a maƙoshi cikin awa 2 yana iya fara ƙona shi. Gidajen da ake haɗa sabulu kuma, a daina zuba ruwan soda a robar lemo ko ta ruwa. Yaron da ya sha, kada a sa shi amai, don abin da ya ƙona hanya yana sauka zai sake ƙona ta yana hawa. Irin waɗannan yara ne daga baya hanyar abincinsu ke tsukewa, a yi ta kai su ana buɗa ta kaɗan-kaɗan.

Shirin gwajin ba shi da wuya, amma a nan ake yawan samun matsala. Dole tumbi ya zama babu komai, don likita ya gani da kyau, kuma don kada abinci ya taso ya faɗa huhu. Ƙa'idar da aka fi bi ita ce a daina cin abinci aƙalla awa 6 kafin lokaci, ruwa zalla kuma akan bari a kurɓa har saura awa 2, wasu asibitocin kuma sukan ce daga tsakar dare kada a sa komai. A bi abin da asibitin ya ce. Koko, kunu, fura, shayi mai madara, duk abinci ne a wannan lissafi. Na ga wanda ya zo daga nesa aka mayar da shi gida don ya sha koko da asuba, yana rantsuwa cewa bai ci komai ba.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. A kwaso dukkan magungunan da ake sha a nuna wa likita tun ranar da aka ba da lokaci, har da na gargajiya da haɗin kemis da kanwar da ake jiƙawa. Masu shan maganin tsinka jini, irin su warfarin da clopidogrel da asfirin, su faɗa, kuma kada su daina da kansu, domin mai ciwon zuciya ko wanda ya taɓa shanyewar ɓarin jiki dainawar na iya fi masa hatsari. Mai ciwon suga ya nemi lokacin safe, ya tambayi yadda zai yi da allurarsa ko ƙwayarsa tunda ba zai karya ba. Maganin hawan jini yawanci ana sha da ɗan kurɓin ruwa. Mai shan omeprazole da danginsa, wato magungunan rage tsamin ciki, ya tambaya ko zai dakata mako 2 kafin gwajin, don yana ɓoye ƙwayar Helikobakta har a nema a rasa. Mai juna biyu, mai asma, wanda wani magani ya taɓa yi wa illa, mai haƙori mai girgiɗi ko haƙoran roba, kowa ya faɗi nasa.

Mata da yawa kunya ce ke hana su, suna zaton za a tuɓe su. Wannan gwaji ta baki ake yi, ba ya buƙatar buɗe tsiraici. Iyaka a cire niƙabi a sassauta hijabi, kuma mace tana da damar neman a sami ma'aikaciya mace a ɗakin.

Akwai zaɓi biyu na rage wahala. Ko dai a fesa magani mai ɗaci a maƙogwaro ya mutu na ɗan lokaci, mutum yana farke yana jin komai, ko a ƙara da allura ta jijiya da ke sa jiki ya saki, mutum ya shiga gyangyaɗi, sau da yawa ma ya tashi bai tuna abin da aka yi ba. Mai feshi kaɗai yana tashi ya tafi harkarsa, mai allura sai ya kwanta ya farfaɗo, kuma dole ya zo da wanda zai mayar da shi gida. A ganina, mai tsananin tsoro ko wanda ko buroshi ke sa shi yunƙurin amai, kada ya ɗauki neman allurar a matsayin gazawa. Dattijo mai ciwon huhu ko na zuciya kuwa, likita na iya ganin feshin ya fi masa aminci, tunda allurar tana rage ƙarfin numfashi.

Ga yadda abin yake a ɗakin. Bayan an yi maka bayani ka sa hannu, za ka kwanta a gefen hagu, a sa maka ɗan zoben roba tsakanin haƙora don kada ka ciji tiyon. Likita ya ɗora shi a bayan harshe ya ce ka haɗiya. Wannan daƙiƙun su ne mafi wuya, ba zan ɓoye ba: yunƙurin amai yana zuwa, idanu su kawo ruwa. Da ya wuce maƙogwaro sai abin ya sassauta. Za ka ji ciki ya cika saboda iskar da ake hurawa, gyatsa ta yi ta fitowa, yawu ya zubo ta gefen baki nas tana zuƙewa. Babu abin kunya a ciki, kullum haka suke gani. Abin da ke taimakawa shi ne jan numfashi a hankali ta hanci, a saki kafaɗu, a bar yawun ya zuba, zuciya kuma tana ambaton Allah. Idan dubawa ce kawai, minti 5 zuwa 15 an gama.

Sau da yawa likita zai ɗebi ɗan tsoka daga fatar tumbi, girmansa bai wuce ƙwayar gero ba, a kai ɗakin gwaje-gwaje. Ba a jin zafin wannan ko kaɗan. Ɗaukar sa ba ya nufin an ga ciwon daji, ana yi don neman Helikobakta ko tantance irin kumburin. Maganar da ake yaɗawa cewa taɓa ƙari da ƙarfe yana sa ya bazu ta hana mutane da dama sanin abin da ke damunsu a lokacin da ake iya yin wani abu. Ba tare da wannan ɗan tsoka ba, babu likitan da zai iya rantsewa kan ko gyambon tumbi na lafiya ne ko na sharri.

Hatsari akwai shi, kamar kowane aikin asibiti, sai dai a gwajin dubawa kawai ba kasafai yake faruwa ba. Ana iya samun zubar jini, ko hujewar maƙoshi ko tumbi, wanda ya fi yiwuwa idan ana buɗa wurin da ya tsuke, ko matsalar numfashi daga allura, ko haƙori mai rauni ya fita. Abin da kusan kowa ke ji bai wuce kaushin maƙogwaro na kwana ɗaya ko biyu da kumburin iska ba. Amma wanda ya koma gida ya ji ciwo mai tsanani a ƙirji ko ciki, ko zazzaɓi, ko aman jini, ko numfashi ya yi masa wuya, ya koma asibiti a daren, kada ya jira gari ya waye.

Tambayar da nake ganin ta fi cancanta a garin da ciwon hanta ya yi yawa ita ce ta tsabta: tiyon da aka sa wa wani, shi za a sa min? Shi ne. Amma tsakanin mutum da mutum ana wanke shi ciki da waje da buroshi, a jiƙa shi a ruwan magani mai ƙarfi na ƙayyadadden lokaci, a ɗauraye a busar. Idan an bi wannan yadda ya kamata, ɗaukar cuta ta wannan hanya abu ne mai wuyar gaske. Marar lafiya yana da haƙƙin ya tambayi yadda ake wanke na'urar da kuma ko wanda zai yi aikin ya sami horo a kai. Wurin da ya san aikinsa ba zai ji haushin tambayar ba. Kada araha ta ja mutum zuwa inda ba a iya ba shi amsa.

Bayan an gama, kada a ci ko a sha sai maƙogwaro ya dawo daidai, kimanin awa 1, don kada a shaƙe. Wanda aka yi wa allura, awa 24 ba tuƙin mota, ba babur, ba sa hannu a takarda, ba ƙulla ciniki, ko da yana jin ya wartsake. Zai fi kyau ɗan rakiyar ya tsaya a wurin bayanin sakamako, don mai allura yakan manta abin da aka gaya masa kafin ya isa gida.

Batun azumi yakan taso. Majalisar Fiƙhun Musulunci ta Duniya, a zamanta na Jidda a 1997, ta sa shigar da kyamarar tumbi cikin abubuwan da ba sa karya azumi matuƙar ba a shigar da ruwa ko wani abu tare da ita ba. A aikace kuwa ana fesa magani a maƙogwaro, ana shafa wa tiyon mai, ana fesa ruwa a ciki, saboda haka mai azumi ya tambayi malaminsa da wannan bayani a hannu. Gwajin da ba na gaggawa ba ana iya tsara shi bayan Sallah. Mai aman jini ko baƙar bahaya kuwa marar lafiya ne da shari'a ta ba shi rangwame, kuma bai kamata ya jira ganin wata ba.

Kuɗin gwajin yana da nauyi ga talaka, musamman in an haɗa da na duba tsoka, wanda akan biya daban. A tambayi jimillar tun farko, kuma wanda ke cikin inshorar lafiya, ta tarayya ko ta jihar Kano, ya bincika abin da za ta ɗauke masa. Idan sakamako ya fito aka ce ba a ga komai ba, wasu sukan ji kamar sun yi asara. Sun sami abu babba: an cire musu gyambo da ciwon daji daga lissafi. Mutane da yawa tumbinsu lafiya lau yake a ido amma yana da saurin jin zafi, kuma wannan yana da nasa maganin, wasu kuma sai a juya a duba maɗaciya ko zuciya.

Inda muke yawan sakaci shi ne bayan nan. Sakamakon tsoka yakan ɗauki kwanaki ko makonni, mutum ya ji sauƙi ya ƙi komawa karɓa. Gyambon da ke cikin tumbi kansa, saɓanin na farkon hanji, akan so a sake leƙa shi bayan mako 6 zuwa 8, ko yadda likita ya tsara, don a tabbatar ya warke, domin wanda ya ƙi warkewa shi ake zargi da zama ciwon daji.

Na Baffa a farkon ƙaramin hanji aka same shi, da ɗan baƙin ɗigo a tsakiya inda jinin ke fita, tsokar kuma ta nuna Helikobakta. Da likita ya nuna masa hoton, ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Ikon Allah, ashe wannan ne." Ya sha maganinsa kwana 14, ya yi ta ƙorafin ɗacin baki, amma bai tsallake ko sau ɗaya ba. An hana shi ƙwayoyin nan na ciwon gwiwa, aka mayar da shi kan farasitamol da man shafawa. Bayan mako 6 na raka shi aka yi gwajin bahaya, aka ce ƙwayar cutar ta tafi. Takardar gwajin da hoton suna nan cikin leda a durowar shagonsa, a wurin da kwalbar farin maganin take zama a da.